Hannun Gunilla na Hagu

Kalma ɗaya ta rage wa Mama bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita a ɗakin girki, ita ce "to". A tambaye ta ko tana son kofi, ta ce to. A tambaye ta ko ba ta so, ta ce to. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, baki ya ɗan karkace, amma idanun suna nan yadda na san su, ƙanana, masu bin duk abin da ya motsa a ɗaki. Saboda haka ranar da Rasmus, ma'aikacin hukumar garinmu mai duba inda marasa lafiya za su koma bayan sallama, ya durƙusa a gabanta ya tambaye ta ko ta yarda a kai ta gidan kula da tsofaffi da ke bakin tafki, ta ce to. Shi kuwa ya ɗauka ta yarda.

Ni ban yarda ba. Shekarunta hamsin da takwas, kuma tana da gidanta na katako mai launin rawaya, da itacen tuffa da ta dasa da hannunta. Na baro jami'ar Uppsala a shekarata ta ƙarshe a karatun lauya, na shigo asibitin da dusar ƙanƙara a takalmina, na gaya wa Rasmus cewa babu kotun da za ta karɓi wannan "to" ɗin a matsayin yarda. Bai ji haushi ba, mutum ne mai haƙuri, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ya ce shi ma ba son kai ta can yake yi ba. Amma kafin mutum ya koma gida shi kaɗai, sai an tabbatar yana gane abin da ake faɗa masa, yana iya cewa eh da a'a, yana iya neman agaji. In ba haka ba, sai dai wani ya zauna da shi dare da rana.

Na ce ni zan zauna.

Ya tambaye ni karatun fa. Na ce karatun nawa ne, ba na hukuma ba. Ya gyaɗa kai ya ce mu haɗu ranar Alhamis a yanke magana.

Sunan Mama Gunilla Brask. In ka tambayi masu bin wasan badminton na da, wasu za su ce sun taɓa jin sunan, amma sai sun yi tunani kafin su tuna da wa ta yi wasa. Ba laifinsu ba ne. Ta shekara goma sha wani abu tana sa rigar ƙasa a wasan biyu-biyu na mata, daga Copenhagen zuwa Birmingham zuwa Jakarta, kuma kusan duk bayan shekara biyu abokiyar wasanta wata ce daban. Ita mai tsaron gaba ce, mai tsayawa a bakin raga. Aikinta ta fara bugu, ta tare, ta tilasta wa abokan gaba su ɗaga ƙwallon, wanda da gashin tsuntsu ake yinsa, sama, sannan ta sunkuya, wadda ke bayanta ta yi tsalle ta kashe. Mai tsalle ake ɗauka hoto. A hotunan jarida da ke gidanmu, Mama yawanci kafaɗa ce a ƙasan hoton, ko rabin kai.

Masu horarwa sun gano tana da wata baiwa. Duk yarinya mai ƙarfin duka da rawar kai, in aka haɗa ta da Gunilla, sai ta natsu ta koyi inda ake tsayawa. To sai ya zama al'ada. A kawo mata ɗanya, ta gyara ta, su fara cin wasa, sai a ɗauke yarinyar a haɗa ta da wata babba, a kawo wa Mama wata ɗanyar. Ta koma gasar da ta kai kusa da ƙarshe bara, ta fita a zagayen farko, ta kwana a otal mai araha, ta wanke safarta a bahon wanke fuska, ta sake farawa. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ni ce na riƙa yi mata. Tun ina ƙarama na ƙi taɓa raket, na ƙi warin zauren wasan, na ƙi ganin tana turara ƙwallayen gashi a bakin tukunya don kada su karye da wuri. Na rantse ni ba zan sunkuya wa kowa ya yi tsalle ta kaina ba.

Ran Talata ina zaune a ɗakinta na asibiti ina karanta mata jarida, sai wata ma'aikaciyar jinya ta shigo da matashi na uku. Ta ce Gunilla na fama da ciwon baya, kullum hannunta na hagu yana can baya tana taɓa ƙugu, sun ba ta magani amma ba ta daina ba. Ta cusa matashin, ta tambaye ta ko ya yi daidai. Mama ta ce to.

Tana zaune a bakin gado ne, bayanta na fuskantar taga. Da yake rana ba ta daɗewa a watan Fabrairu, waje ya fara duhu tun la'asar, gilashin ya zama kamar madubi. A cikinsa na ga hannun. Ba taɓa ƙugu yake yi ba. A dunƙule yake, ya matse har ƙasusuwan sun yi fari. Da matar ta fita na cire matashin, sai hannun ya buɗe, babban yatsa ya miƙe.

Ko ban taɓa wasa ba, a gidan na tashi. Na san mai fara bugu a wasan biyu-biyu tana kai hannun da ba ya riƙe raket bayanta, ta yi wa abokiyarta alama da yatsu inda abokan gaba ba sa gani: gajere zan buga, ko dogo, ko gefe. Abin da ban sani ba shi ne ma'anar kowace alama. Kuma na san Mama ba ta taɓa maimaita alamomi ba. Kowace sabuwar abokiya da nata, domin ta jiya na iya zama abokiyar gabar gobe, ko ta zauna a cikin 'yan kallo ta baya. Na zagaya, na ɗauki hoton hannun mai motsi da waya, na tura wa duk tsofaffin abokan wasanta da na iya samun lambarsu.

Ɗaya ta amsa daga Malmö da kuka, ta ce ba nata ba ne. Wata ta ce ta manta nata ma. Wata ta aiko da furanni. Ta ƙarshe ba ta rubuta komai ba, kira ta yi, da murya kamar ana jan tebur a kan siminti.

"Nawa ne," in ji ta. "Wane sakaran ne ya sa mata matashi?"

Viveka Holm ke nan. Ita ta fi daɗewa da Mama, kuma ita ce aka ɗauke lokacin da suka fi ƙarfi, ta je ta samo lambar yabo da wata. Duk cikinsu ita na fi ƙi. Na ce ta gaya mini ma'anar alamun a waya ya isa. Ta ce ba a karanta Gunilla a waya, sai an tsaya a bayanta, in dafa kofi.

Ta iso Laraba da hantsi cikin tsohuwar mota mai warin kare, doguwa, mai kauri, da taba ƙunshe a ƙarƙashin leɓe, da jakar burodin kirfa. Kafin mu shiga ɗakin na tare ta a baranda na gaya mata abin da na daɗe ina riƙe da shi: cewa na san yadda suka yi da uwata, kowacce ta taka bayanta ta haye, kuma ban kira ta don zumunci ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce ashe lauyar ta fara aiki tun kafin a ba ta takarda. Sai ta miƙo mini jakar burodin ta wuce.

Ba ta je gaban Mama ba. Ko kallon fuskarta ba ta yi ba. Ta zagaya gadon ta tsaya a bayanta, tazarar taku kaɗan, ta ɗan buɗe ƙafafu kamar mai jiran bugu.

"Tsohuwa," ta ce, "kin yi ƙiba a wuya."

Hannun ya tafi baya ya dunƙule.

"Ƙarya nake yi? To, ni ce na yi ƙiba."

Babban yatsa ya miƙe. Kafaɗun Mama suka fara rawa, sai da na leƙa na tabbatar dariya ce.

Suka shafe safiyar a haka. Viveka ta ce mini ta fi sanin ƙeyar Gunilla da fuskarta, in da za ta haɗu da ita a kasuwa gaba da gaba sai ta wuce. Alamunsu na fara bugu ne tun asali, dunƙule gajere, yatsa dogo. Amma a manyan zauruka na Asiya ihun 'yan kallo ba ya barin mutum ya ji ko muryar kansa, sai suka mayar da su amsa, yatsa eh, dunƙule a'a. Viveka ta matso ta yi tambaya a kunne, Gunilla ta amsa ta baya ba tare da ta ɗauke ido daga abokan gaba ba. Da wannan muka gano a cikin sa'a guda cewa bayanta lafiya lau, cewa ba ta son madara a kofi kuma tun da aka kwantar da ita ake zuba mata, cewa safar da aka sa mata tana matse ta.

Akwai alama ta uku, in ji Viveka, amma ba zan gan ta ba. Tafin hannu a buɗe, a kaɗa shi gaba. Ma'anarta, wuce gaba, bar mini baya. Gunilla ta tsani bayan fili, ba ta da tsawo, ba ta da dukan kashewa. Sau ɗaya ta taɓa yin alamar, a Jakarta, da kafaɗar Viveka ta goce a tsakiyar wasa har ba ta iya ɗaga hannu sama da kai. Alƙali ya tambaya ko za su janye. Gunilla ta juya baya ta kaɗa hannu. Ta kai Viveka bakin raga, ita ta koma baya, ta yi ta gudu daga lungu zuwa lungu cikin zafin da ke sa riga ta manne, tana mayar da duk abin da aka jefo, har ƙarshen wasan.

Na tambaye ta ko sun ci.

"Ina fa. Sun yi mana dukan tsiya," ta ce. "Amma sai da suka gaji, kuma zauren ya miƙe mata tsaye. Daga nan ta shiga banɗaki ta yi amai, ta fito ta tambaye ni inda ake sayar da ayaba."

Ta ƙara da cewa ranar da aka zo ɗauke ta, ita ta ce ba za ta tafi ba, Gunilla ce ta kwashe mata kaya ta sa a jaka. Na ce wannan labarin mai tafiya ne, kowa na da irinsa. Ta ce ga ta nan zaune, in tambaye ta. Ban tambaya ba. Na san inda yatsan zai nufa, kuma ba na bukatar ganinsa.

Ran Alhamis, bayan an kwashe kwanukan miyar wake, Rasmus ya zo tare da likitar magana. Sun tarar mun sauke Mama daga keken marasa lafiya mun ɗora ta a kan kujera marar jingina, domin jinginar keken na rufe hannun. Na yi bayani kamar ina gaban alƙali. Rasmus ya saurara har ƙarshe, sannan ya faɗi abin da ni ma da zan faɗa in ina matsayinsa: ta yaya zai san Gunilla ce ke amsawa ba Viveka ba?

Viveka ta ce ya zo ya tsaya inda take, ita za ta je ta sha iska. Ta nuna masa alamun biyu, ta gyara masa tsayuwa, ta ce ya yi kama da mai jiran bas amma ba komai, ta fita.

Ya fara da abubuwan da ya san amsarsu. Ko sunan 'yarta Tuva? Baki ya ce to, yatsa ya miƙe. Ko yanzu lokacin zafi ne, ana iyo a tafki? Baki ya ce to, hannu ya dunƙule. Ko shi mace ce? Hannun ya ɗan yi jinkiri kafin ya dunƙule, likitar ta kasa riƙe dariya. Ya juya tambayoyin, ya maimaita wasu ta wata fuska. Ba ta kuskure ba. Likitar ta ce ta taɓa ganin irin haka, abin da jiki ya maimaita shekara da shekaru wani lokaci yana tsira ko magana ta tafi. Ta ɗaura mata maɓallin kiran agaji a wuyan hannun hagu, ta ce ta nuna abin da za ta yi in ta faɗi. Mama ta kai shi ga haɓarta ta danna.

Sai Rasmus ya yi tambayar da ta kawo mu. Gidan bakin tafki? Hannun ya dunƙule. Gidanta, da masu jinya suna zuwa safe da rana da yamma? Yatsan ya miƙe.

Na ji kamar na ci shari'ata ta farko. Na ce wa Rasmus ya ƙara da cewa ba za ta kasance ita kaɗai ba ma, na riga na shirya ajiye karatu, zan koma ɗakina na da. Ya dubi ƙasa, inda hannun yake, sannan ya dube ni.

"Tuva," ya ce, "ina ganin gara ki zo ki gani da kanki."

Na zagaya. A dunƙule yake.

Na ce ba ta gane ba, na yi magana da sauri. Na sunkuya kusa da kunnenta na ce, "Mama, ni ce. Zan zauna da ke. Shekara ɗaya kawai, karatu ba ya guduwa." Ta ce to. Hannun bai buɗe ba. Na ce mata ba ta iya yanka burodi, ba ta iya ɗaura takalmi, matakalar gidan tana da santsi, masu jinya baƙi ne da za su shigo su fita suna duba agogo. Na ce ni ba ɗaya daga cikin 'yan matanta ba ce da za ta kwashe wa kaya, ni 'yarta ce, kuma ba wanda zai ɗauke ni. Duk abin da na koya na jera hujja na jera shi a ƙeyar uwata.

Lokacin Viveka ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Muna kallo hannun ya buɗe a hankali, yatsun suka miƙe duka, tafin ya kaɗa gaba. Ya sake kaɗawa.

Viveka ta cire tabar daga bakinta ta naɗe a takarda.

"Kin san wannan, na gaya miki jiya," ta ce. "Kuma in ba ki shawara, lauya, kada ki tsaya gardama. Ni na gwada."

Na ce a Jakarta ai sun faɗi.

"Mun faɗi," ta ce. "Wa ya ce miki alkawarin ci take yi?"

Rasmus ya ce shi dai abin da doka ta ɗora masa shi ne ya ji ra'ayin Gunilla, kuma ya ji. Gidan nata ne. Ni ce na zo da maganar yarda a bakina, ga shi ita ce ta ɗaure ni.

An sallame ta a farkon Maris. An sa ƙarfen riƙewa a banɗaki, an sauko da gadonta ƙasa. Matsala ɗaya ta rage: masu jinya suna canzawa kullum, kuma babu wanda zai tuna ya zagaya bayan mara lafiya kafin ya yi mata magana. Na ciro dogon madubin ɗakin Mama na jingina shi a bango bayan kujerarta ta ɗakin girki, na yanke sandunan jinginar kujerar da zarto. Yanzu duk wanda ya tsaya a gabanta yana ganin fuskarta yana ganin hannun. Viveka ta ce wannan ne abu na farko mai amfani da ta ga jami'a ta haifar. Tana zuwa duk Talata, su kalli wasa a talabijin, tana zagin 'yan wasan yanzu, hannu yana amsa mata a madubi.

Na koma Uppsala da fushi, har yau kuma ban ce shawarar daidai ce ba. Mama ta faɗi sau ɗaya a watan Afrilu, tsakanin gado da banɗaki. Ta danna maɓallin, ta kwanta a ƙasa tana jira, aka zo aka ɗaga ta, goshinta ya yi shuɗi. Da na ji na hau jirgin ƙasa na farko, na shiga gidan ko takalmi ban cire ba. Na tarar da ita a kujerarta, ta danne burodi da gwiwar hannun da ya mutu, tana yankawa da hagu, yankan ya karkace, ɓarɓashi ko'ina a tebur. Ta koyi kalma ta biyu a lokacin, sunana, ko da yake rabinsa take faɗa.

Na tsaya a gabanta na ce yanzu dai ai ta gani, in kwaso kayana?

Ta ajiye wuƙar, ta kai hannun baya. Ban ko dubi madubin ba. Na cire takalmina, na ɗora tukunyar kofi, na bar madarar a firji.